Yadda za ka cire bambar gaba ta tsohuwar mota 'yar gudu ba tare da ka karya mata kunne ba

Tawa Honda Prelude ce ƙirar 1998, mai ƙofa biyu, injin 2.2, irin wadda in ka tsaya shan mai a Kwangila nan Zariya sai yara sun zagaye ta suna leƙen ciki. Honda ta daina ƙera wannan samfurin tun 2001, to ka ga ke nan duk abin da ya karye a jikinta ba abu ba ne da za ka shiga Sabon Gari ka ce a ba ka a miƙo maka. Kayan inji da na ƙafa da sauƙi, wasu ma na Accord na shiga, amma bamba da fitila da gilashi sai dai ka sa cigiya Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba sai Ladipo a Legas, kuma ko an samu kuɗin da za a faɗa maka sai ka zauna.

Na san haka ne don an taɓa yi min. Wata damina na faɗa wani rami da ruwa ya rufe wajen Tudun Wada, ƙasan bambar ya daki bakin kwalta, sai na kai wani gareji a duba. Ogan ba ya nan, yaronshi ya kwance duk notin da idonshi ya gani, ya ja bamba ta ƙi zuwa, sai ya dafe taya da ƙafa ya fizga. Ƙas! Kunnen gefen dama, wato ɗan leɓen robar nan da ke kama jikin fenda, ya tsinke ya bar noti ɗaya yana nan daram a inda yake. Tun daga ranar ni nake cire abata da kaina a ƙofar gida, kuma na cire ta ya kai sau huɗu.

Abin da zan faɗa ya shafi yawancin motocin Japan na shekarun 1990, Prelude ce ko Celica ko Mazda MX-5, wurin noti kan ɗan bambanta amma tsarin ɗaya ne: ana kama bambar ta sama ƙarƙashin bonet, ta gefe cikin ramin taya, ta ƙasa, wasu kuma har da ta bayan fitilar sigina.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana lamba 10 da 12 da 14, in da hali soket mai kusurwa shida da rachet da ɗan dogon hannu, sukudireba mai fuska huɗu da mai faɗi, filaya, tocila, salatif ɗin takarda irin na masu fenti, man fesawa na kwance tsatsa kamar WD-40, tabarma ko tsohon bargo, sai kwali ɗaya. Maganar lamba 12 ɗin nan kar ka raina ta. Mu nan garin Fijo ne, tun da aka buɗe kamfanin haɗa ta a Kaduna a 1975 kanikawanmu kan 504 da 505 suka koyi aiki, hannunsu ya saba da lamba 13. To motar Japan 12 take ci a wurin da ta Turai ke cin 13, in ka ɗora 13 a kan notin 12 zai shiga kamar ya yi daidai, kana murɗawa da ƙarfi sai ya goge kusurwar kan notin ya mai da shi kamar kan ƙusa, daga nan aikin minti biyu ya koma na yini.

Sukurun ma haka. Na Japan masu fuska huɗu ba daidai suke da sukudireban da ya cika kasuwa ba, nasu ma'aunin daban ne, JIS ake ce mashi, wani lokaci za ka ga ɗan ɗigo a kan sukurun. Sukudireba na gama-gari yana son zamewa ya fito in an matsa mashi. Maganin shi ne ka zaɓi wanda ya zauna cif ba ya rawa, ka ɗan buga mashi guduma a baya sau biyu, sannan ka danna da ƙarfin kafaɗa kana murɗawa a hankali, dannawar ta fi murɗawar yawa.

Aikin tun daren jiya yake farawa. Ka ɗauki tocila ka bi duk notin da ka gani a ƙasa da cikin ramin taya ka fesa mashi mai, ka bar shi ya kwana yana sha. Motocin nan yawanci ta Kwatano ko Legas suka shigo daga Amurka da Turai, kuma can in dusar ƙanƙara ta zubo gishiri suke watsawa a titi, shi ya sa za ka ga mota fes ta sama amma ƙasanta ja wur da tsatsa. Dan Allah kar ka bari a zuba maka man birki a kan noti kusa da fenti. Na san kanikawa na yi kuma yana ɗan aiki, amma man birki yana cin fenti, ɗigo ɗaya ya gangaro kan fenda ka bar shi, gobe za ka ga wurin ya kumbura ya yi ɓawo.

Sai lokaci. In da hunturu ne, Disamba ko Janairu, kar ka fito da sassafe da sanyin nan na Zariya ka ce za ka taɓa robar da ta haura shekara ashirin da biyar. Roba in ta tsufa ta sha rana ta bushe, sanyi kuma na ƙara mata taurin kai, kamar ƙwaryar da ta daɗe a rataye take, ba ta lanƙwasa sai dai ta tsage. Ka bari hantsi ya ɗaga motar ta ɗan sha rana, sannan ka tura ta inuwa ka fara. Injin kuma ya zama a huce, don wasu Honda na wancan zamanin fankar lagireto kan tashi da kanta ko an kashe mota in injin na da zafi, ga hannunka a wurin.

Ka tsayar da ita a ƙasa mai lebur, ka ja hambirki, ka sa giya, ka tokare tayoyin baya da dutse. Ba dole sai ka ɗaga ta ba amma motocin nan ƙasa suke sosai, in kana da ɗan tumbi irina ba za ka shiga ba. In za ka ɗaga, kar ka yarda da jak shi kaɗai, ka tokare da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. Bulon siminti a'a, musamman bulon yanzu da yashi ya fi siminti yawa, yana rugujewa ne lokaci ɗaya ba sallama.

In taka mai fitilar nan ce da ke ɗagowa kamar idon kwaɗo, irin MX-5 ta 1989 zuwa 1997 ko Celica ta farkon shekarun 1990, ka ɗago fitilun tukuna kafin ka taɓa batir, za ka fi ganin abin da ke ƙarƙashinsu.

Batir ɗin, kan da ke da alamar ragi za ka fara cirewa, lamba 10 ne. Dalili shi ne duk jikin motar a haɗe yake da wannan kan, in ka fara da ɗaya kan sifana ta taɓa ƙarfen mota sai tartsatsi. Bayan ka cire ka jira aƙalla minti 3 kafin ka taɓa wayarin, haka Honda ta ce saboda jakar iska ta hatsari tana riƙe ɗan caji ko bayan an cire batir. Duk wayar da ka gani an naɗe ta da ruwan ɗorawa ta jakar iskar ce, ba ruwanka da ita. Wani abu kuma, in har yanzu rediyon da ta zo da shi ne a ciki, na Honda da yawa na neman lambar sirri mai lamba 5 in aka cire batir, to ka tabbata kana da ita. Ni nawa tun tuni na canza shi da mai bulutut. Ka bar makulli a jiki a murɗe ɗaya don sitiyari kar ya kulle, za ka buƙaci juya tayoyi.

Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto da waya, kowane gefe, har da tazarar da ke tsakanin bamba da fitila. Sai ka zana bambar a jikin kwalin nan, duk notin da ka cire ka huda kwalin ka soka shi a daidai inda ya fito. Ƙanena ya yi min dariya ranar farko, wai Yaya ai noti noti ne, sai ka ce aikin asibiti. Da muka zo mayarwa ya ga wani dogo ne wani gajere, wani da washa wani babu, shi da kanshi ya riƙa cewa Yaya miƙo kwalin. Ka manna salatif a bakin fenda da ƙasan fitila inda bambar za ta goga in tana fita.

Toh sai ka buɗe bonet. A jere a sama za ka ga kilif-kilif na baƙar roba, wani wuri da noti lamba 10 a tsakaninsu. Kilif iri biyu ne. Akwai mai ɗan kai a tsakiya, shi za ka sa bakin sukudireba mai faɗi ka ɗago tsakiyar kawai kamar rabin farce, sai gaba ɗayan ya saki ya fito, in ka ɗago shi daga gindi ba ka ɗaga tsakiyar ba karyewa zai yi don ƙafafunshi a buɗe suke ta ciki. Akwai kuma mai kama da sukuru, shi kuma ba a danna shi, ka murɗa da hannu sakwa-sakwa, in yana ta juyawa a banza ka zura farce ko siririn sukudireba a ƙarƙashin kan kana ɗagawa kana murɗawa. Wasu za su karye ko ya ka yi, sun tsufa, kar ka damu, kilif ba shi da tsada. Amma biyu na tsakiya ka bar su a jiki har ƙarshe, su ne za su riƙe maka bambar kar ta faɗo a kan fuskarka kana kwance a ƙasa.

Daga nan fitilun da ke jikin bambar kanta. A Prelude irin tawa sigina a cikin bamba take, ka kwance sukurunta ka zaro ta a hankali, ka danna ɗan harshen soket ɗin ka cire, kar ka ja ta waya. Kana cirewa ka haska tocila cikin ramin. A Honda da yawa na shekarun nan, har da Accord, nan ake ɓoye manyan noti lamba 12 da ke ɗaure ƙarfen bamba da jikin mota, kuma a irin waɗannan robar da ƙarfen tare suke fitowa, da nauyi. A wasu motocin kuma robar kaɗai ke fita ƙarfen ya zauna. Ka duba taka ka gane wacce iri ce kafin ka ci gaba, in ka ga an ɗaure robar da ƙarfen ta ciki inda hannu ba ya kaiwa to tare za su fito, ka sassauta manyan notin amma ka bar ɗaya kowane gefe a ɗane.

Yanzu wurin da aka karya min. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe zuwa hagu ka zo ramin tayar dama, ko akasin haka, duk wanda ya fi ba ka fili. Akwai baƙar roba da ta lulluɓe cikin ramin don tare taɓo, ka cire sukuru ko kilif biyu uku na bakinta na gaba ka ɗan janye ta baya, ba sai ka cire ta duka ba. Ka sa kai ka haska sama, daidai inda ƙarshen bambar ya haɗu da fenda. Akwai sukuru ko noti a nan da ke kallon sama, daga waje ba ka ganinshi sam, yawanci ma laka ta rufe shi ta bushe ta zama kamar jikin mota. Ka kankare lakar da sukudireba. Wata motar ɗaya ne wata biyu ne a jere, ka shafa da yatsa har ciki ka tabbatar. Shi ne ya fi kowanne tsatsa don duk ruwan da taya ta watso a kanshi yake sauka, kuma abin da yake riƙe da shi roba ce siririya, in ka matsa mashi da ƙarfi notin ba zai karye ba robar ce za ta yage. Ka murɗa kwata, ka mayar baya, ka fesa mai, ka sake, haka haka har ya saki. Ni akwai ranar da na yi kusan minti ashirin a kan wannan guda ɗayan, har aka kira azahar na tafi na dawo na ci gaba.

Ƙasa kuma abin dariya ne. A ƙa'ida noti lamba 10 ne a jere suka haɗa leɓen bambar da robar da ke ƙarƙashin inji, amma motar da ta yi shekaru tana hawa tudun rage gudu na hanyar Samaru ba za ka samu rabinsu ba. Abin da za ka tarar shi ne wayar ƙarfe da wani ya ɗaure, igiyar roba, sukurun rufin kwano, ni har guntun wayar birkin keke na samu. Ka yanke su duka da filaya, amma ka duba da kyau kar ka haɗa da wayar wuta.

In ka gama sai ka kira mutum na biyu, aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne don bambar tana da tsawo, in ka riƙe gefe ɗaya ɗayan zai faɗi ya murɗe. Kowa ya tsaya a gefe, ku cire waɗanda kuka bari, kowa ya kama ƙarshen bambar wajen taya ya ɗan buɗa shi waje kaɗan don ya fita daga maƙalinshi, sannan ku ja ta gaba a miƙe kamar ana zaro durowa. Ba ƙasa ba, ba sama ba. In ta motsa gefe ɗaya ɗayan ya ƙi, ku tsaya. Bambar da aka kwance duka da yatsu take fitowa, in har sai ka sa ƙarfi to wallahi akwai abin da ya rage, ka koma da tocila ka nemo shi.

Ta fito kamar tsawon tafin hannu ku sake tsayawa, ɗaya ya riƙe ɗaya ya leƙa baya. Wayar fitilar hazo, ƙananan fitilun gefe da motocin Amurka ke zuwa da su, da kuma aikin riwaya na baya, don akwai wanda zai ƙara hon ko fitila ya bi da wayar ta cikin ramin bamba ya naɗe da salatif ba soket ba komai. In ka samu irin wannan ka sa alama a wayoyin kafin ka raba su. Sai ku ɗauke ta ku kwantar a kan tabarma fenti na kallon sama, a inuwa, kar a jingina ta da bango a tsaye cikin rana don tana iya lanƙwashewa ta ƙi komawa daidai. Ka kuma ce wa yara ba doki ba ne, nawa har sun hau.

Tunda ka buɗe, ka ci moriyar wahalarka. Abin da ke gaban lagireto mai kama da shi, kondensan esi ne, za ka ga ƙurar hunturu da ciyawa da fuka-fukan fara da leda sun toshe shi, kuma shi ne rabin dalilin da ya sa esi ba ya sanyi a watan Afrilu injin kuma na zafi a go-sulo ɗin PZ. Ka wanke da ruwan tiyo mara ƙarfi da burushi mai laushi kana bin tsayin siraran ƙarafan, injin wankin mota mai matsi kwantar da su yake yi. Bututun esi kar ka kwance ko ɗaya, gas ne a matse a ciki, in ya feso a hannu ƙuna yake yi ta sanyi, a ido kuma ba a magana. Farin soson da ke manne a gaban ƙarfen bamba ma kar ka yar don ka ga ya tsufa, shi ke shanye ƙaramin bugu, kuma shi ke tokare robar ta ciki ta tsaya da siffarta.

In gyaran tsaga ya sa ka cire, ka juya bambar ka duba ciki za ka ga an buga wasu haruffa, galibi PP, sunan irin robar ke nan. Wannan robar sufa-gulu ba ya kama ta, gam mai haɗi biyu ma riƙon wucin gadi yake yi, kwana kaɗan ya ɓalle. Narkar da ita ake yi a ɗinke, tana narkewa wajen digiri 160 zuwa 170. Ana huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba, a kankare fenti da datti, a bi ta ciki da ƙarfen soda mai zafi ana cikawa da yankin roba irinta daga wata matacciyar bamba, a nutsa 'yar ragar ƙarfe a ciki don ƙarfi. Haka wani dattijo mai gyaran robar babur ya ɗinke min kunnen nan, ina cewa Baba anya zai riƙe, ya ce ɗana je ka dawo in ya saki, shekara uku ke nan ban koma ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a lafta bodi-fila mai kauri a kan tsaga a fesa fenti, filar ba ta lanƙwasa robar kuma tana lanƙwasa, ramin farko da ka faɗa layin zai dawo.

Mayarwa, ka bi hotunanka. Ka jona sokets tun bambar na hannu, ka tura ta a miƙe ka tabbatar gefunan sun hau maƙalinsu, ka ɗana kowane noti da yatsa zagaye biyu uku kar ka ɗaure ko ɗaya tukuna, ka ɗan shafa giris a zaren waɗanda ke ƙasa da na ramin taya don wanda zai kwance gaba, wanda kai ne. Sai ka ja baya ka tsuguna ka kalli tazarar ƙarƙashin fitilun biyu, in ɗaya ta fi faɗi ka tura ka daidaita, sannan ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe. Masu lamba 10 ba sa son ƙarfi, ma'aunin Honda wajen Nm 10 ne a sifana mai awon ƙarfin ɗauri, masu lamba 12 kuma wajen 22, in ba ka da mai awon to ka riƙe rachet ɗin kusa da kai ba can ƙarshen hannu ba, ya tsaya ka ƙara ɗan kaɗan ka bari. Wanda ke shiga cikin roba kuma da ya zauna shike nan.

Ka mayar da batir, kan ragi a ƙarshe wannan karon, ka kunna sigina hagu da dama ƙaninka na gaba yana kallo. In ɗaya na ƙiftawa da sauri fiye da ɗaya to soket bai shiga ba ko ƙwan ya mutu garin cirewa, gara ka gani yanzu kafin ka rufe robar ramin taya. Kilif ɗin da suka karye kuma ka ɗauki guda ɗaya mai rai ka sa a aljihu ka je da shi wurin masu kayan mota a Sabon Gari a gwada maka, don ramukan ba girmansu ɗaya ba, ni na farko da na saya da ka sai da na koma canji sau biyu.